Kundin kacici-kacici na ɗalibanmu a Gombe: inda aiki ya kai

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Aikin da muka ɗaukar wa kanmu shi ne haɗa tambayoyi 500 na kacici-kacici domin ɗaliban sakandare na cikin garin Gombe, a fannin wasanni, tarihi, kiɗa da waƙa, labarin ƙasa da kimiyya. Mu malamai ne 'yan kaɗan daga makarantu daban-daban, wani daga Pantami, wani daga Bolari, wata daga Tudun Wada, kuma ba kuɗin kowa a ciki sai namu. Muna haɗuwa ran Asabar bayan la'asar. Gasar kanta sai bayan ƙaramar Sallah, in Allah ya kai mu.

Kowace tambaya tana da katinta na kwali. Gaba tambaya, baya kuma abu uku: amsa, dalilin amsar, da ranar da muka tabbatar da ita. Ni na nace a kan dalilin nan, kuma ba zan sassauta ba. Na sha zama alƙalin gasa, a tambayi yaro shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, kafin a rufe baki ya ce 1914, a tafa masa. Bayan an tashi ka ja shi gefe ka ce wa ya haɗe su, kuma don me, sai ya tsaya yana kallonka. Ba laifinsa ba ne, abin da ya ga ana ba da kyauta a kai shi ya riƙe. To a bayan katinmu an rubuta cewa Gwamna Lugga ne ya yi haɗewar ranar 1 ga Janairu, kuma babban abin da ya tura Turawa kuɗi ne: Kudu tana da rarar kuɗin kwastan na tashoshin jiragen ruwa, Arewa kuwa sai an riƙa cike mata giɓi daga Ingila.

Mun amince amsa ta ci maki 2, dalili ya ci maki 3. An ɗan ja kafin a yarda.

Asabar, 13 ga Janairu

Labarin ƙasa muka fara taɓawa, kuma daga bakin famfo. Na tambayi 'yan ajina daga ina ruwan da ke zuwa cikin gari yake, kusan kowa ya ce Dadin Kowa. Na ce wane kogi aka datse a can? Rabi suka ce Gongola. Na ce to ruwan da ya wuce madatsar ina yake zuwa? Aji ya yi tsit.

Daga wannan shirun muka fitar da jerin katuna masu riƙe da juna. Gongola daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa ƙasar Bauchi yana fuskantar arewa maso gabas, sai da ya iso Nafada sannan ya karya ya yi kudu. Ya shiga madatsar Dadin Kowa, ya fita, ya shiga ta Kiri a Jihar Adamawa, ya faɗa Binuwai a Numan. Binuwai, wanda daga Kamaru ya fito, ya haɗu da Kwara a Lokoja, su biyun suka gangara Tekun Atlantika. Yaron da ya bi wannan hanya da yatsa a taswira ya tsinci jihohi da garuruwa da yawa ba tare da an ce ya haddace su ba.

Shi kansa Kwara abin mamaki ne. A tsaunukan Gini yake tasowa, tazarar kilomita kusan 240 kacal daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi hamada, ya wuce Bamako, ya kai kusa da Tambutu, sannan ya lanƙwaso ta Yamai ya shigo Najeriya. Tafiyar kilomita kusan 4,180. Dalilin da muka rubuta a baya: ruwa gangare yake bi, ba kusanci ba.

Hazo ya yi yawa yau, har ƙura ta kwanta a kan kwalayen kafin mu tashi. Malamar kimiyya ta shafa yatsa ta ce wannan ma tambaya ce. Mafi yawan ƙurar hunturu daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon Tafkin Cadi ne tun lokacin da yake da girman gaske, iska kuma tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ta. Nan take muka yi mata kati.

Asabar, 20 ga Janairu

Tarihi. Wannan zama ya ɗauke mu har aka kira magariba.

Abu mai sauƙi mun gama shi da wuri: an ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, zamanin Janar Sani Abacha, daga tsohuwar Jihar Bauchi, ƙananan hukumomi 11, maƙwabta 5, wato Borno, Yobe, Adamawa, Taraba da Bauchi. Sai Modibbo Buba Yero da ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarauta. Abin da yara da yawa ba su sani ba shi ne garin da muke ciki ba shi ne Gomben farko ba. Gombe Abba ce ta farko, can wajen Dukku a bakin Gongola. Turawa suka mai da hedkwata Nafada a 1913, sannan aka dawo nan Doma a 1919.

Inda muka daɗe shi ne Burmi. Wani abokin aikinmu ɗan Bajoga ya ce abin yana ci masa rai, a ce wurin da daular Sakkwato ta yi tsayuwarta ta ƙarshe a gaban Turawa yana cikin ƙaramar hukumar Funakaye, amma ɗalibin Gombe ya gama sakandare bai taɓa jin sunan ba. Gaskiyarsa. Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya bai miƙa wuya ba, ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suna ta binsa gari bayan gari, manoma da malamai da sarakuna, abin da ya tayar wa Turawa hankali ƙwarai. A Burmi aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903. Nan Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, shi ma kwamandan Turawa, Manjo Marsh, nan ya mutu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, garin kuma har yau da sunansa ake kiransa. Mun fitar da katuna da dama daga nan, ɗaya ma mun tura shi fannin labarin ƙasa: wace hanya mai tafiya Makka a ƙasa yake bi daga nan, kuma me ya sa ake samun Hausawa da Fulani da yawa a Sudan?

Wata malama 'yar Billiri ta ja hankalinmu cewa ɗalibanmu ba 'yan masarauta ɗaya ba ne. Akwai Tangale da Waja da Tula da Dadiya da Cham a kudu, akwai Tera a Yamaltu da Deba, akwai Bolewa, akwai tarihin Jukun a Pindiga. Yaron Kaltungo ya kamata ya ji an tambayi abin gidansu shi ma, ɗan Jekadafari kuma ya koya. Ta ɗauki nauyin wannan ɓangare, za ta zauna da dattawan can idan ta je gida.

Litinin, 29 ga Janairu

Ba ranar zama ba ce, amma dole in rubuta. Jiya Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS. Muna da kati mai cewa ƙungiyar, wadda aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975, tana da ƙasashe 15. Ga shi tun ba a kai ga gasa ba amsar ta fara motsi.

Saboda haka na sayo jan biro, duk katin da amsarsa za ta iya sauyawa na ɗiga masa ja a kusurwa, a sake duba shi ana gobe gasa. Irin waɗannan suna da yawa, kuma tsofaffin littattafan da ke hannun yara cike suke da su. Wani littafin har yanzu Sudan yake kira ƙasa mafi girma a Afirka, alhali tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli, 2011, Aljeriya ce. Wani yana cewa duniyoyin da ke kewaya rana 9 ne, alhali tun 2006 masana taurari suka cire Fuluto daga sahun manya suka koma 8. Jihohin Najeriya ma haka suka yi ta hawa: 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Ina so yara su saba da tambayar “a wace shekara?” kafin su rantse a kan lamba.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Yau ba mu zauna a aji ba. Mun ɗauki wasu ɗalibai muka je gidan wani dattijo makaɗin kalangu, wanda ya yi shekaru yana yi wa mahauta da 'yan dambe kiɗa. Fannin kiɗa shi ne ya fi ba mu wuya, domin abin da ke rubuce kaɗan ne, abin da ke kan mutane kuma yana tafiya da su.

Bayan gaisuwa na ce, “Baba, Allah ya ƙara girma, so muke yaran nan su gane yadda kalangu ke magana.” Ya ce, “To Malam, matso da su kusa su ga hannuna.” Ya saƙala shi a hammata. Itacen mai siririn ƙugu ne, baki biyu, kowane baki da fata, igiyoyin fata kuma sun taso daga wannan baki zuwa wancan. Ya buga da lanƙwasasshen ɗan sandansa, sauti ya fito ƙasa-ƙasa. Ya matse igiyoyin da damtse ya sake bugawa, sauti ya hau. Ya riƙa matsewa yana saki, har wata yarinya ta ce, “Baba, wallahi sunana ka kira.” Ya yi dariya ya ce ai shi ya kira.

Malamar kimiyya ba ta bar damar ta wuce ba. Ta sa su ɗora yatsa a kan fatar suna jin karkarwarta. In fata ta ɗame, karkarwarta ta fi sauri, sauti ya yi sama. In ta saki, ya sauko. Haka tsarkiyar goge take, haka ta garaya. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu na iya bin sawun magana. Kati ɗaya ya haɗa kiɗa da kimiyya da harshe, kuma a ganina shi ne mafi kyau a cikin duk abin da muka rubuta zuwa yanzu.

Dattijon ya kuma jera mana wane kiɗa na wa ne: kalangu na mahauta, garaya ta maharba, gangar noma ta manoma, kotso da taushi da tambari da kakaki da algaita na fada. Daga nan muka ɗora katunan mawaƙa. Mamman Shata na Musawa da kalangu, ya rasu a 1999. Ɗan Maraya Jos da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsarkiya ɗaya da ake yi da gwangwani a rufe da fata, ya rasu a 2015. Musa Ɗanƙwairo da Narambaɗa da kotso. Barmani Choge ta Funtuwa da kiɗan ƙwarya, ta rasu a 2013. Ɗan Anace da 'yan dambe. Yaran sun san wasu waƙoƙin daga wayoyin iyayensu, amma ba su taɓa haɗa murya da suna da abin kiɗa ba.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Gari ya kwana da takaici. Jiya a Abijan Kodebuwa ta ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka. Troost-Ekong ya sa mana da ka kafin hutun rabin lokaci, Kessie ya farke, Haller ya ƙara ana saura minti kusan 10. Da safe ba wanda ya iya karatu a aji sai maganar ƙwallo, sai na bar su suka yi, ina rubuta abin da zai zama kati.

A nan ne kaɗai yara suka fi mu sani, amma saninsu na bana ne da na ƙungiyoyin Turai. Da na koma baya sai aka fara duban juna. Najeriya ta ci kofin sau 3: a 1980 a Legas ta ci Aljeriya 3 da nema, a 1994 a Tunisiya ta ci Zambiya 2 da 1, a 2013 a Afirka ta Kudu ta ci Burkina Faso 1 da nema, ƙwallon Sunday Mba. Stephen Keshi ya ɗaga shi yana ɗan wasa a 1994, ya sake ɗagawa yana koci a 2013. Kodebuwa yanzu ta kamo mu da 3, Ghana na da 4, Kamaru 5, Masar 7. Duk katunan nan sun sha jan biro.

Tambayar da ta fi burge ni wani yaro ne ya kawo ta: me ya sa ake kiran gasar ta 2023 alhali a 2024 aka buga? Amsar ta labarin ƙasa ce. An shirya ta a Yuni da Yulin 2023, lokacin da damina ke kan ganiyarta a gaɓar tekun Kodebuwa, sai aka ɗage ta zuwa rani. Na ce masa katin zai shiga kundi yadda ya faɗe shi.

Ban yarda fannin wasanni ya zama na ƙwallon maza kaɗai ba. A Atlanta a 1996, shekarar da Kanu da abokansa suka ci Burazil 4 da 3 sannan Ajantina 3 da 2 suka ɗauko zinare, Chioma Ajunwa ta riga su, ta ci zinaren dogon tsalle da mita 7.12. Na ari tef ɗin awo wajen wani magini, muka ja layi a filin makaranta, muka auna mita 7.12 muka kafa dutse. 'Yan mata suka tsaya a kan layin suna hango dutsen. Wanda ya fi kowa tsalle a cikin samarin ya gwada da gudu, ya sauka da sauran tafiya mai yawa a gabansa. Ba na jin akwai wanda zai manta lambar nan a cikinsu. Mun ƙara Tobi Amusan da daƙiƙa 12.12 a gudun tsallake shinge na mita 100 a 2022, da Asisat Oshoala da ta zama gwarzuwar ƙwallon ƙafa ta matan Afirka sau 6. Sai na gida: dambe da hannu ɗaya naɗe da zare, da abin da ake kira kisa idan abokin karo ya taɓa ƙasa, da kokawa, da langa, da filin wasa na Pantami.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Gwaji na farko da ɗalibai daga makarantu uku, fannin kimiyya. Tambayoyin lamba sun wuce ba gardama: ƙasusuwan baligi 206, hasken rana yana iso mu cikin minti 8 da daƙiƙa kusan 20 daga nisan kilomita miliyan 150. A dalili ne aka riƙa faɗuwa, amma na lura idan tambayar ta taɓa abin da suke gani, sai su yi ta ƙoƙari har su kamo.

Misali Zara, wadda ake ce wa matar wata. Duk sun san ta, duk sun ce tauraruwa ce. Da aka gaya musu duniya ce irin tamu, ta biyu daga rana, hasken rana take maidowa, kuma shi ya sa ba a ganinta tsakar dare sai bayan faɗuwar rana ko kafin fitowarta, domin ba ta nisa da rana a sama, sai tambayoyi suka ɓarke. Husufi kuma da tocila da ƙwallo da lemo muka nuna shi a aji bayan an rufe tagogi. Da kansu suka gano cewa husufin wata ba ya yiwuwa sai tsakiyar wata, daren 14 ko 15, na rana kuma sai ƙarshen wata.

Akwai katuna biyu da na ce ko ba gasa sai kowane yaro ya san su. Na farko sikila: idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Kowane ciki, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ba. Ana iya samun uku a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Da murafun kwalba masu launi biyu a cikin hula muka nuna, kowa ya zara ya mayar ya sake zara. Na biyu saran maciji, musamman kububuwa da ta addabi manoma da makiyaya a kudancin jihar nan. Dafinta yana hana jini daskarewa. Ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana ƙafar motsi a garzaya asibiti, kuma Kaltungo tana da asibitin da ya ƙware a kan wannan. Yaron da ya kai wannan amsa gida, ko bai ci kofi ba, ni dai buƙatata ta biya.

Asabar, 9 ga Maris

Zama na ƙarshe kafin azumi. Gobe za a fara duban wata. Bara ranar 23 ga Maris muka ɗauki azumi, bana kuwa ya matso da kusan kwana 11, kuma wannan ma ya samu katinsa: shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta rana 365 ko 366, don haka azumi yake zagaya damina da hunturu da bazara cikin shekara kusan 33.

Katunan da suka kammala da amsa da dalili da kwanan wata sun haura 400. Labarin ƙasa da wasanni sun cika. Tarihi yana jiran abin da malamarmu za ta kawo daga Billiri da Kaltungo da Tula. Kiɗa ne a baya, musamman kiɗan mata da kayan kiɗan ƙabilun kudancin jiha, kuma mun ce ba za mu cike gurbin da abin da ba mu ji daga bakin masu shi ba. Kimiyya tana buƙatar a rage tsawon wasu dalilan, domin alƙali ba zai iya karanta layi shida yaro yana tsaye ba.

Cikin azumi zama ya koma safiyar Asabar, ƙarfe 9. Mai kwamfuta a cikinmu zai fara buga waɗanda suka kammala, a yi kwafi ɗaya ga kowace makarantar da za ta shiga, da dalilan duka a ciki, makonni kafin gasa. Wani ya ce hakan zai sa yara su haddace. Na ce in sun haddace hanyar Gongola da dalilin husufi, su haddace. Katunan jan biro kuwa suna hannuna sai ana gobe gasa.